Tambayoyi da amsoshi kan auna ɗorewa da daidaituwar kulawa daga bakin marasa lafiyar sha-ka-tafi

Marar lafiyar da aka kwantar a asibiti yana ƙarƙashin rufi ɗaya, fayil ɗinsa yana kusa da gadonsa, likitoci kuma suna zagayowa kansa kowace safiya. Wanda yake zuwa ya ga likita ya koma gida kuwa, kulawarsa a yayyanke take: minti goma yau, minti goma bayan wata biyu, a tsakani ga ɗakin gwaji, ga ɗakin magani, ga kemis na bakin titi, wani lokaci ma ga wani asibitin dabam da aka tura shi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake auna ko waɗannan gutsattsarin suna haɗuwa su zama kulawa guda, da dalilin da ya sa ake neman amsar daga bakin marar lafiyar kansa.

Me ake nufi da ɗorewar kulawa, kuma da me ta bambanta da daidaituwar kulawa?

Kalmomin biyu sukan zo tare har a ɗauka abu ɗaya ne, amma kowace da inda ta dosa. Ɗorewa tana magana ne a kan lokaci: shin abin da aka yi wa mutum a zuwansa na yau ya ɗora a kan abin da aka yi masa a zuwan baya, kuma ya share fage ga na gaba? Daidaituwa kuwa tana magana ne a kan mutane da wurare: idan hannuwa da yawa suna kan marar lafiya ɗaya, ga likitan ƙaramin asibiti, ga ƙwararren likitan zuciya, ga mai gwajin jini, ga mai bayar da magani, shin kowannensu ya san abin da sauran suke yi, kuma akwai wanda ya ɗauki nauyin haɗa aikin wuri guda?

Rabe-raben da aka fi amfani da shi ya fito ne daga wata maƙala da Jeannie Haggerty ta ƙasar Kanada da abokan aikinta suka wallafa a mujallar BMJ a shekarar 2003. Sun kasa ɗorewa gida uku. Kashi na farko shi ne ɗorewar bayani, wato tarihin ciwon mutum da sakamakon gwaje-gwajensa da magungunan da aka taɓa ba shi su bi shi duk inda ya je, har da abin da ba a cika rubutawa a fayil ba, kamar halin gidansa da abin da yake so da wanda yake gudu. Kashi na biyu shi ne ɗorewar tsarin magani, wato duk masu duba shi su tsaya a kan manufa ɗaya, kada wannan ya ce sha wancan ya ce daina ba tare da bayani ba, sannan tsarin ya riƙa sauyawa idan halin marar lafiyar ya sauya. Kashi na uku shi ne ɗorewar dangantaka, wato a sami likita ko malamin asibiti ɗaya, ko 'yan kaɗan, waɗanda marar lafiya ya sani su ma suka san shi.

Daidaituwa ta fi wuyar kamawa. Wani nazari da aka yi wa hukumar binciken ingancin kiwon lafiya ta Amurka, AHRQ, a shekarar 2007 ya tarar da ma'anoni fiye da 40 da masana suka ba ta. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a ce daidaitawa aikin ma'aikata ne, ɗorewa kuwa ita ce abin da marar lafiya yake ji a jikinsa idan aikin ya yi kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan haka ta tafi a takardar jagora da ta fitar a shekarar 2018, inda ta bayyana ɗorewa da yadda mutum yake ganin ziyarce-ziyarcensa daban-daban a matsayin abu guda mai haɗe da juna.

Me ya sa za a tambayi marar lafiya, alhali ga rajista ga fayil ga kwamfuta?

Saboda shi kaɗai ne ya shiga duk ƙofofin. Likitan da ya tura shi bai bi shi zuwa wurin ƙwararre ba, ƙwararren bai bi shi zuwa ɗakin magani ba, mai bayar da magani kuma bai san abin da ya saya a kemis ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na taɓa raka gwaggona, wadda take fama da hawan jini da ciwon sukari, zuwa wani babban asibiti har sau huɗu cikin wata biyar. Duk zuwa sai mu tarar da sabon likita, kowane sabon likita kuma sai ya fara da, "Mama, me ke damunki?" A zuwa na uku aka neme fayil ɗinta a ɗakin kati aka rasa, aka buɗe mata takarda ta wucin gadi, likitan ranar ya rubuta gwajin ƙoda wanda an riga an yi mata shi makonni shida da suka wuce, sakamakon kuma yana cikin fayil ɗin da ya ɓata. Haka muka sake biya. Da muka zazzage ledar magungunanta a gida, sai ga kwalaye biyu masu sunaye daban-daban, ashe maganin hawan jini iri ɗaya ne, ita kuma tana haɗiyar su duka kowace safiya. A rajistar asibitin an rubuta cewa ta zo sau huɗu, an gan ta sau huɗu, an ba ta magani sau huɗu, kuma duk wanda ya duba wannan rajista ba zai ga aibi ko ɗaya ba.

Wannan ba matsalar ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki ba ce kaɗai. A Ingila an wajabta a shekarar 2014 cewa duk wanda ya kai shekara 75 a sanya masa sunan likita guda da ke da alhakin kulawarsa, daga baya aka faɗaɗa tsarin ya haɗa kowa. A takarda kowa ya sami likitansa. Binciken da ya biyo baya bai nuna cewa tsofaffin sun ƙara ganin likita ɗaya a kai a kai ba.

To ma'aunan lissafi da ake cirowa daga rajista ba su da amfani ke nan?

Suna da shi, kuma sun riga takardun tambayoyi yaɗuwa. Mafi sauƙinsu shi ne wanda Breslau da Reeb suka gabatar a shekarar 1975: a ƙirga yawan zuwan mutum gaba ɗaya, a duba kashi nawa ya faɗa wa likitan da ya fi gani. Wanda ya zo sau 10 ya ga likita ɗaya sau 6, makinsa 0.6 ne. A shekarar 1977 Bice da Boxerman suka kawo wani ma'aunin da yake la'akari da yadda sauran ziyarar ta warwatsu. Ana ninka adadin zuwa wurin kowane likita da kansa, a tara, a debe jimillar zuwa, sannan a raba da jimillar zuwa da aka ninka da abin da ya rage idan an cire mata ɗaya.

Misali zai fi bayyana bambancin. Mutum biyu kowanne ya zo sau 10, kowanne ya ga likitansa na kullum sau 6. Na farko ya ga wani likita guda a sauran zuwa 4, na biyu kuwa ya ga likitoci huɗu mabambanta. A ma'aunin farko dukkansu 0.6 suke da shi. A ma'auni na biyu na farkon yana da 0.47, na biyun yana da 0.33, kuma wannan ya fi kusa da abin da mutanen biyu suka gani a zahiri.

Amfanin waɗannan ma'aunai shi ne arha da yawa, domin ana iya lissafa su a kan miliyoyin mutane ba tare da an tambayi kowa ba. Iyakarsu kuma a fili take. Suna ƙirga fuska ne, ba su san ko likitan da aka gani sau 6 ya tuna da marar lafiyar ba, ba su san ko sakamakon gwaji ya iso ba, kuma ba sa aiki sosai ga wanda zuwansa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Inda kuma ba a rubuta sunan wanda ya duba mutum a rajista, kamar yadda aka saba a asibitoci da dama, babu ma abin da za a lissafa.

Wace hujja ce ta nuna cewa abin ya cancanci wahalar aunawa?

A shekarar 2018 Denis Pereira Gray da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe tara, suka tarar cewa 18 daga ciki sun nuna ƙarancin mace-mace a tsakanin masu yawan ganin likita ɗaya. A ƙasar Norwe, inda tun shekarar 2001 ake da tsarin da kowa yake da likitansa na dindindin, wani bincike da aka wallafa a 2022 a kan mutum kusan miliyan huɗu da rabi ya nuna cewa waɗanda suka shafe fiye da shekara 15 tare da likita ɗaya sun fi waɗanda suka yi shekara ɗaya ƙarancin zuwa asibiti cikin gaggawa da ƙarancin mutuwa, da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. A Ingila ma wani bincike na 2017 a kan mutum fiye da 230,000 masu shekara 62 zuwa 82 ya danganta ɗorewa da raguwar kwanciya asibiti saboda cututtukan da ake iya shawo kansu tun a matakin sha-ka-tafi.

Sai dai a karanta waɗannan alƙaluma da hattara. Duk binciken lura ne, ba a raba mutane ta hanyar ƙuri'a aka ce waɗannan su ga likita ɗaya waɗancan su ga goma ba. Mutumin da jikinsa ya fara tsananta dole ya ga likitoci da yawa, saboda haka wani ɓangare na alaƙar na iya zama ciwo ne ya wargaza ɗorewa. Masu binciken sun yi ƙoƙarin tace wannan ta hanyar lissafi, kuma yadda sakamakon yake maimaituwa a ƙasashe masu tsari mabambanta ya sa ake ba shi nauyi.

Waɗanne takardun tambayoyi ake da su, kuma me suke tambaya?

A Amurka shirin jin ta bakin marasa lafiya da ake kira CAHPS, wanda hukumar AHRQ ta fara a shekarar 1995, yana da takarda ta musamman ga masu zuwa ganin likita su koma gida. Zubinta na uku, na shekarar 2015, ya ware tambayoyi uku a kan daidaituwa, dukkansu a kan wata shida da suka wuce: sau nawa likitan ya nuna ya san muhimman abubuwa na tarihin lafiyarka, idan ya rubuta gwajin jini ko hoto, sau nawa wani daga ofishinsa ya neme ka ya ba ka sakamakon, da kuma sau nawa kuka tattauna a kan dukkan magungunan da kake sha. Amsoshin huɗu ne: ko kaɗan, wani lokaci, galibi, ko kullum. Wajen bayar da rahoto sukan fito da kason waɗanda suka ce "kullum", domin "galibi" a wajen sakamakon gwaji na nufin akwai ranar da sakamako bai iso ba.

A Ingila ana aika takardar jin ta bakin marasa lafiya ga mutum fiye da miliyan biyu kowace shekara tun daga 2007, kuma ta daɗe tana tambayar ko mutum yana da likitan da ya fi so ya gani, da sau nawa yake samun ganinsa. Wannan tambaya ce ta fito da yadda ɗorewar dangantaka ta yi ta raguwa a ƙasar cikin shekarun 2010. A Holan an samar da takardar Nijmegen a shekarar 2011 mai tambayoyi 28, wadda take duba ko mai kula da kai ya san ka, ko yana nuna ya damu da kai, da yadda ma'aikata suke haɗa kai a cikin asibiti ɗaya da kuma tsakanin ƙaramin asibiti da babba. Akwai kuma takardar PACIC ta 2005 mai tambayoyi 20, wadda aka yi domin masu cututtukan da ake daɗewa da su.

Wata da ta yi yawo sosai a duniya ita ce PCAT, takardar auna kiwon lafiya a matakin farko, aikin Barbara Starfield ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta. Starfield ta ɗauki ɗorewa da daidaituwa a matsayin biyu daga cikin ginshiƙai huɗu na kiwon lafiya a matakin farko, tare da kasancewar wurin ƙofar farko da mutum yake shiga da kuma iya biyan yawancin buƙatunsa. An gyara PCAT an yi amfani da ita a Brazil da Afirka ta Kudu da Malawi.

Me ya sa ba za a tambayi mutum kawai ko ya gamsu ba?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san amsar. Ka tarar da mutum yana murƙususu, ka ce masa ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Haka ma idan aka tare dattijuwa a bakin ƙofar asibiti aka ce, "Hajiya, kin gamsu da yadda aka duba ki?" za ta ce alhamdu lillahi, ta sa albarka, ko da ta wuni a layi kuma ba a gaya mata sunan ciwonta ba. Kara ce, da kunya, da gudun kada magana ta koma kunnen likitan da za ta dawo wurinsa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun haka ba, domin kusan ko'ina tambayar gamsuwa takan tara amsoshi a can sama har a kasa bambance asibiti mai kyau da marar kyau.

Bayan haka gamsuwa tana rataye ne a kan abin da mutum ya sa rai. Wanda bai taɓa ganin an kira shi a waya an ba shi sakamako ba, ba zai ji an tauye shi ba idan ba a kira ba. Shi ya sa takardun zamani suka koma tambayar abin da ya faru. "An gaya miki ranar da za ki dawo?" tambaya ce da dattijuwar za ta amsa da a'a ba tare da ta ji ta ci mutuncin kowa ba, kuma amsar tana nuna wa asibiti ainihin wurin gyara.

Ta yaya marar lafiya zai san ko likitocinsa suna magana da juna, alhali ba a gabansa ake yi ba?

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan hanya, kuma tana da gaskiya. Marar lafiya ba ya ganin wasiƙar da ƙwararre ya aika, ba ya jin wayar da aka buga. Wani nazari da Haggerty da abokanta suka fitar a 2013 a kan bayanan da marasa lafiya suka bayar da bakinsu ya nuna cewa mutane sukan ɗauka kawai ana magana a bayan fage, har sai wani abu ya karye sannan su farga. Abin da suke kira kulawa mai ɗorewa shi ne kwanciyar hankali, wato sanin abin da zai biyo baya da sanin wanda za a nema idan jiki ya rikice.

Saboda haka tambaya mai kyau ba ta cewa, "Likitocinka suna haɗa kai?" Tana neman alamun karyewa ne, waɗanda mutum ya gani da idonsa. An sake maka gwajin da aka riga aka yi saboda ba a ga sakamakon farko ba? Ma'aikata biyu sun ba ka shawarar da ta saɓa wa juna? Ka je wurin ƙwararre ka tarar bai san dalilin da aka turo ka ba? Da ka dawo wurin wanda ya tura ka, ya san abin da ƙwararren ya ce, ko kai ne ka ba shi labari? Akwai lokacin da ka rasa wanda za ka tambaya? Abin da marar lafiya ba zai iya gani ba kuwa, kamar ko an rubuta takardar turawa yadda ya kamata, sai a nema a fayil. Hanyoyin biyu tare ake tafiyar da su.

Wa ake tambaya, a ina, kuma yaushe?

Wanda ya zo sau ɗaya da zazzaɓi ya warke ba shi da abin cewa a kan ɗorewa. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu hawan jini, ciwon sukari, sikila, asma, tarin fuka, farfaɗiya, masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, masu zuwa awon ciki, da duk wanda yake ganin ma'aikaci fiye da ɗaya. Tambayoyin da suka shafi turawa kuma a yi su ga wanda aka tura kaɗai.

Tare mutane a bakin ƙofa bayan sun ga likita ita ce hanya mafi arha, amma tana da babban lahani a wannan fanni. Mutumin da kulawarsa ta fi kowa wargajewa shi ne wanda ya gaji ya daina zuwa, ya koma kemis ko wurin mai maganin gargajiya, kuma ba za a same shi a bakin ƙofa ba. Idan ana son gaskiyar lamari, sai a ɗebo sunaye daga rajistar watannin baya a bi mutane ta waya ko a gida, har da waɗanda suka tsallake ranar dawowarsu. Mai tambayar kada ya zama ma'aikacin da yake duba su, kada ya sa farar riga, kuma a tabbatar wa mutum cewa ba za a rubuta sunansa ba. Mace ta tambayi mace ya fi, kuma idan maigida yana tsaye a gefe, sau da yawa amsarsa za a rubuta da sunan matarsa. Ga yaro ko tsohon da ya fara mantuwa, mai jinya ne yake amsawa, domin shi ne yake riƙe da kati da ledar magani, amma a rubuta cewa shi ya amsa.

Ita kanta hanyar tambaya tana tasiri. An lura cewa masu amsawa ta waya sukan fi yabo a kan masu cike takarda su kaɗai, don haka ba a kwatanta sakamakon hanyoyin biyu kai tsaye.

Za a iya ɗauko takardar Amurka ko ta Holan a juya ta zuwa Hausa a fara aiki?

Juya kalmomi shi ne ƙaramin aikin. Takardun nan an gina su ne a kan zaton cewa mutum yana da likitansa da ya yi rajista a wurinsa, alhali a yawancin asibitocin gwamnati na Najeriya da Nijar wanda yake bakin aiki a ranar shi ake gani. Tambayar "likitanka" sai ta koma tambaya a kan asibitin da mutum ya saba zuwa, ko a kan ɓangaren da yake gani. Kalmar likita kanta tana da faɗi a bakin mutane, domin nas da malamin asibitin ƙauye da mai kemis duk likita ake ce musu, saboda haka dole a fayyace wanda ake nufi. Tambayar ko ofishin likita ya kira ka ya ba ka sakamako kuwa ba ta da wurin zama inda marar lafiya ne yake karɓo takardar sakamako da hannunsa ya kai wa likita. A nan abin tambaya shi ne ko wani ya duba sakamakon ya yi masa bayani.

Lokaci ma sai an gyara. Mutane da yawa ba sa lissafi da "wata shida da suka wuce", amma idan aka ce tun daga azumi, ko tun daga babbar salla, ko tun faɗuwar damina, nan take sukan tuna. Bambancin "galibi" da "wani lokaci" yakan ɓace idan ana karanta wa mutum da baki, har wasu masu bincike sukan raba tambayar biyu, a fara da e ko a'a sannan a tambayi yawa.

Akwai kuma abubuwan da muke da su waɗanda takardun waje ba su tambaya. Katin awon ciki, katin rigakafin yara, da littafin lafiya da ake riƙewa a hannu a Nijar duk hanyoyi ne na ɗorewar bayani, kuma ya dace a tambayi ko ma'aikaci ya karɓa ya duba ya rubuta a ciki. Asibitocin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki sun daɗe suna ajiye rajistar ranar dawowa suna bin sawun wanda bai zo ba, abin da masu hawan jini a harabar asibiti ɗaya ba kasafai suke samu ba.

Ta yaya ake sanin takardar tana auna abin da aka ce tana aunawa?

Kafin a buga ta da yawa, akan zauna da mutane kaɗan irin waɗanda za a tambaya, a karanta musu kowace tambaya, a ce su maimaita ta da kalmominsu su kuma faɗi yadda suka kai ga amsarsu. A nan ake kama yawancin kurakurai. Bayan haka akan gwada ta a kan ɗaruruwan mutane a duba ko tambayoyin da aka haɗa rukuni ɗaya suna tafiya tare, da ma'aunin Cronbach wanda aka saba neman ya kai 0.7, sannan a sake yi wa wasu tambayoyin bayan kamar mako biyu a ga ko amsarsu ta tsaya. Daga ƙarshe a duba ko makin ya bambance wuraren da aka riga aka san sun bambanta.

Adalci ne a kwatanta asibiti da asibiti da irin wannan maki?

Sai an cika sharuɗɗa biyu. Na farko yawan amsoshi: idan mutum goma kawai aka tambaya, amsar mutum ɗaya tana motsa sakamako da kashi 10 cikin 100, kuma ba a yanke wa ma'aikaci hukunci da irin wannan. Na biyu la'akari da irin mutanen da kowane wuri yake gani. An san cewa tsofaffi sukan fi yabo, masu ilimi mai zurfi sukan fi suka, waɗanda suke jin jikinsu ba daɗi kuma sukan ba da maki ƙasa, shi ya sa CAHPS take gyara maki bisa shekaru da ilimi da yadda mutum yake ganin lafiyarsa. Asibitin koyarwa da ake turo masa masu ciwo uku ko huɗu ba daidai yake da ƙaramin asibitin unguwa ba. A ganina kwatanta asibiti da kansa, bana da bara, ya fi amfani kuma ya fi wuyar jawo gardama.

Shin ganin likita ɗaya kullum shi ne daidai ga kowa?

A'a. Matashi mai ciwon makogwaro ya fi buƙatar a gan shi yau a kan ya jira mako biyu domin likitan da ya saba. Wani kuma yana da larurar da yake jin nauyin faɗa wa wanda ya san iyalinsa. Sabo ma yana da nasa haɗarin, domin likitan da ya shekara goma yana jin koken mutum zai iya ɗaukar sabon ciwo a matsayin tsohon, alhali baƙon ido zai lura. Wannan ne ya sa takardar Ingila take fara tambayar ko mutum yana da wanda ya fi so ya gani kafin ta tambayi ko yana samunsa. Ɗorewar bayani da ta tsarin magani kuwa kowa yana buƙatarsu, ko likita ɗaya yake gani ko goma.

Bayan an tattara amsoshi, me ake yi da su?

A fara mayar da su ga waɗanda suke aikin, tambaya bayan tambaya, kada a dunƙule su a maki guda. Maki 62 ba ya gaya wa kowa abin yi, amma idan aka ce rabin waɗanda aka tura babban asibiti sun dawo ba tare da wata takarda ba, kowa ya san inda za a taɓa. Yawancin gyare-gyaren ba su da tsada: takardar turawa mai ɓangare biyu wadda ƙwararre zai cike rabin ƙasa ya mayar, littafi a hannun mai hawan jini da ake rubuta awonsa da maganinsa duk zuwa, raba masu ciwon sukari ga ƙananan rukunonin ma'aikata yadda mutum zai riƙa faɗawa hannun biyu ko uku da ya sani, da umartar marar lafiya ya zo da duk magungunansa a leda, har da na kemis da na gargajiya, a zazzage su a kan tebur a duba.

A guji ɗaura sakamakon da ladabtar da ma'aikaci ɗaya, domin da zarar an yi haka za a fara zaɓar wanda za a tambaya. Bayan wata shida ko shekara a sake yin tambayoyin da kalmomi iri ɗaya, ta hanya iri ɗaya, kuma a lokaci irin na farko, domin asibitin da aka auna da rani ba zai ba da sakamako ɗaya da na watan Satumba ba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika layi kuma kowane likita yake ganin ninkin mutanen da ya saba gani.